Sunan da Bakin Lami Zai Iya Ɗauka

Lami ta fara ganin Malama Halima Sadiya ne a kan bencin wani asibitin sha-ka-tafi ta wajen Gwangwan, ranar awon ciki. Ita ba awo ya kawo ta ba, mijinta ya kwana biyu da rasuwa. Zazzaɓi ne ya kama ɗanta Badaru ta goyo shi, ga shi ya yi girman da ƙafafunsa ke dukan bayan gwiwarta. Da ta sauke shi ta zauna, sai matan da ke kan bencin suka fara matsawa ɗaya bayan ɗaya. Masu tsohon ciki suka juya fuska, wata har ta ja mayafi ta rufe cikinta. Yaron yana dalalar da yawu, wuyansa ya karkata gefe guda. Kafin a jima benci ya zama na Lami ita kaɗai, sauran suna tsaye a rana.

Sai ga wata gajeruwar mace cikin fararen kaya ta fito daga ɗakin allura. Ta dubi bencin, ta dubi matan. Ta zo ta zauna daf da Lami, ta kama bakin hijabinta ta goge wa yaron haɓa, irin yadda mutum zai goge wa nasa.

Ta ce, "Sannu, ɗan saurayi. Jiki ya yi zafi ko?"

Tun rasuwar kakarsa, babu hannun da ya taɓa yaron nan in ba na uwarsa ba. Lami ta sunkuyar da kai.

Malama Halima mutuniyar Beli ce, 'yar wani manomin gyaɗa da aka sani da taurin kai, ta kuwa gado shi kaf. Ta yi makarantar koyon aikin lafiya a birni, ta dawo aka sa ta aikin rigakafi gida-gida. A nan ne, in ji ta, idonta ya buɗe. Za ta yi sallama ta ce a fito da yara, a fito mata da waɗanda aka fito da su a ce su ke nan. Tana cikin ɗiga musu magani sai ta ji motsi a uwar ɗaka, ko wani nishi-nishi. In ta tambaya a ce kyanwa ce. Tun tana shiru har ta fara ɗaga labule da kanta. Ta ga yaran da damina ta zo ta wuce ba su ga tsakar gida ba. Ta ga wanda aka ɗaure wa ƙafa da tsumma a jikin turmi don kada ya rarrafa ƙofar gida a yi ta kallo. Ba ta taɓa cewa mugunta ce ba. Takan ce iyayen suna son abinsu, ba su san yadda za su yi ba ne, in kuma sun kai asibiti su tarar ma'aikacin ya fi su rashin sani, ya rubuta maganin zazzaɓi ya sallame su.

Ba mace ce mai sanyin baki ba, wannan ko masu son ta ba sa musu. Abin da ta gani shi take faɗa, ko a gaban wa. An sauya mata wurin aiki ba sau ɗaya ba saboda bakin nan, ta zauna nan ta zauna can tsakanin Rogo da Karaye, har 'yan acaɓa sun san hijabinta daga nesa. Mijinta Malam Suhaibu, malamin firamare, yakan ce ranar da ta yi shiru a gida to a nemo mai magani. Ta yi shekaru tana bin manyanta da magana ɗaya: a tara ma'aikatan ƙananan asibitoci wuri guda, a kawo yaran nan da iyayensu, a kwana tare a tashi tare, ma'aikaci ya koyi riƙon yaro da hannunsa ba a kan allo ba. A ce mata za a duba. Ta koma, a ce ana dubawa.

Shi kuwa Badaru, ɗan fari ne ga Lami, kuma sunan mahaifin mijinta aka sa masa. Kunya ta haɗu biyu ke nan. Tun ranar suna Lami ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi sunan nan ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, in yana shan nono ma bango take kallo. Haka ta ga uwarta ta yi da yayanta, haka ake yi, babu wanda ya ga laifi. A gari ma Maman Hamdiyya ake kiranta, da sunan ƙanwarsa. Haihuwarsa ta zo da wuya, bai yi kuka da wuri ba, bai zauna lokacin da sa'anninsa suka zauna ba. Mutane suka fara raɗe-raɗin ɗan ruwa ne. Surukarta Iya Turai, Allah Ya jiƙanta, ta ce duk wanda ya sake faɗin haka kada ya ƙara taka mata zaure. Ana yaye shi ta ɗauke shi ya koma ɗakinta. A hannunta ya koyi zama da jingina, ya koyi cewa Iya, ya koyi tuwo, ya koyi ruwa, da wasu 'yan kalmomi da su biyu kaɗai suka san ma'anarsu. Lami takan jiyo su daga madafa suna ta shiririta, ta yi murmushi ta ci gaba da tuƙa ƙuli-ƙulinta.

Mijinta Ɗantala ya rasu, shekara ta zagayo Iya ta bi ɗanta. Yaro ya dawo ɗakin uwarsa. Lami ta yi masa duk abin da hannu ke yi, wanka da wanki da abinci da kwana a zaune in ba shi da lafiya. Amma in za ta yi masa magana sai ta ce, "Kai, buɗe baki." In za ta yi maganarsa ta ce, "Yaron nan." Sai kalmominsa suka fara zubewa. Kalmar tuwo ce ta fara tafiya. Iya kuwa ya daɗe yana faɗinta yana kallon ƙofa, daga baya ya bari. Ruwa ce ta ƙarshe, ita ma wata safiya Lami ta miƙa masa moɗa tana jira ya faɗa, ya karɓa ya sha shiru. Abin da ke hana ta barci ke nan. Kullum in ta kai goshi ƙasa roƙonta ɗaya ne, Allah Ya dawo wa yaron nan da bakinsa.

To ana nan sai wata ƙungiya daga birni ta yarda za ta ɗauki nauyin sansanin da Malama Halima ke nema. Aka ba da aron wata makaranta a Karaye lokacin dogon hutu. Dogon hutu kuwa tsakiyar damina ne, maza na gona, hanya ta jiƙe, mashin yana nutsewa a laka. Malama Halima ta ce a ɗaga zuwa bayan kaka, aka ce in ba yanzu ba to babu. Da kanta ta bi ƙauyuka tana roƙon masu gida su bar mata su zo. Da ta iso gidan su Lami ba ta zauna ba, a tsaye ta yi magana.

"Maman Hamdiyya, ba magani za a raba ba, kada ki zo da leda. Ba kuma zan ce miki zai tashi ya yi gudu ba. Amma abin da yaro irin wannan ya koya, in ba a taya shi riƙewa sai ya sake. Ki zo da shi kafin ya saki sauran."

Lami ta bar Hamdiyya wurin maƙwabta, ta goya yaro ta tafi.

Ranar buɗewa manya suka zo da motoci, aka yi jawabai, aka ɗauki hoto da yaran, aka ci abinci, kafin la'asar sun kama hanya. Suka bar kwalayen kayan wasa masu amfani da batir, babu batir ɗin. Malama Halima ta buɗe kwali ɗaya ta rufe, ta aika a tsinto mata gwangwanayen madara da tsakuwa, ta zauna tana yin kacau-kacau tana ƙunƙuni. Kujerun zaman yara ma da kwalayen nan ta yi su, ta liƙe da koko.

Ma'aikatan da aka turo koyo, wasu da gaske suke, wasu takardar shaida suka zo karɓa. Da safe in ta ce a sauko kan tabarma sai ka ga ana tattare fararen riguna kada su yi datti. Wata ta ƙi shiga ajin sam, wai tana da ƙaramin ciki, a bar ta ta riƙa rubutu daga taga. Wani saurayi mai suna Bahauddeen, wanda shi ne ke zaune a asibitin da ya fi kusa da ƙauyen su Lami, sai da ya sa safar hannu kafin ya ɗauki yaro.

Malama Halima ta ce, "Likita, tiyata za ka yi?"

"A'a Malama, yawun ne."

"Yawu ne, ba ruwan batir ba. Kai da kake goge majina da hannun riga in ka ga ba a kallonka. Cire."

Aka yi dariya, ya cire yana ɓata rai. Ba mugun yaro ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa, yana son ya faɗi sunan ciwo kafin ya gama kallon mai ciwon.

Ta koya musu abubuwan da Lami ba ta taɓa ji ba. Kada a ba yaro abinci a kwance, a zaunar da shi a tallafi ƙeya, a jira ya haɗiye. Kada a ja ƙafar da ta sanƙare da ƙarfi, a bi ta a hankali kamar ana murza zare. A durƙusa har ido ya daidaita da na yaro kafin a yi masa magana. Ta faɗa, ta nuna, ta sa su yi, washegari ta tarar da wata tana ɗura wa yarinya kunu a kwance tana duba waya da ɗaya hannun. Ranar har bakin titi an ji muryar Malama Halima.

Aka zo ranar gwada ji da kula. Kowane ma'aikaci aka ba shi yaron yankinsa, Badaru ya faɗo hannun Bahauddeen. Ya zaunar da shi a kujerar kwali, ya koma bayansa ya kira.

"Badaru."

Yaro yana kallon hannunsa.

"Badaru. Badaru."

Ya matso ta dama ya kira, ya koma ta hagu ya ɗaga murya. Ko gezau. Bahauddeen ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Malama, wannan ba namu ba ne. Kurma ne. Shi ya sa ba ya magana. Sai dai a tura su Kano wajen masu kunne."

Lami tana zaune a jikin bango tana kallo. Ta san yana ji. Ta san in ladan ya kira salla yakan daina motsi, in akuya ta yi kuka yakan juya. Amma ta buɗe baki a gaban maza ta hau bayanin ɗan fari, kamar mai yabonsa? Ta kuma san in aka ce Kano, zancen ya mutu, babu mai kai ta, kuma duk ranar da ta je asibitin Bahauddeen zai ce ai na gaya miki.

Malama Halima ta dube ta. "Maman Hamdiyya, yana ji ko ba ya ji?"

Lami ta ce da ƙasa-ƙasa, "Allah dai Ya sani."

"Allah Ya sani, ke ma kin sani. Ke nake tambaya."



Ana cikin haka wata tsohuwa daga Ruwan Bago, wadda ta kawo jikarta, ta ratso ajin da kwanon koko za ta wuce. Irin tsofaffin nan ne da ba sa ganin yaro su ƙyale. Ta tsaya a bayan kujerar kwalin ta ce, ba ma da ƙarfi ba, "Kai angona, kana zaune ka bar amarya da yunwa? Ina kuɗin cefane?"

Yaron ya zabura. Wuyan nan da ke karkace ya juyo gaba ɗaya, bakinsa ya buɗe, wani sauti ya fito da Lami ta yi wata da watanni ba ta ji ba. Ya kafe tsohuwar da ido yana neman fuskar da ya sani. Da ya ga ba ita ba ce, sai fuskarsa ta yamutse, ya fashe da kuka marar ƙarfi, yana dukan kwalin da bayan hannu.

Malama Halima ta durƙusa ta rungume shi, ta ɗago kai.

"Wa ke kiransa haka?"

Lami ta ce, "Iya. Ta rasu."

"Ke fa, me kike kiransa?"

Tsohuwar ce ta amsa mata. "Haba 'yar nan, ba ki ga ɗan fari ba ne? Ga alama ma mai sunan suruki."

Malama Halima ta juya kan ma'aikatan. Ta ce dukansu a gidajen Hausawa suka tashi, dukansu sun san yaro yana da sunan yanka yana da sunan da ake kiransa, amma sun sa farar riga sun manta. Ta ce da Bahauddeen da ya saki kwano a bayansa ma da ya ga ya firgita. Har nan Lami ta ji daɗi. Sai kuma Malama ta juyo kanta.

"Taso. Zo ki durƙusa a gabansa, ki dubi idonsa ki kira shi, su ga yadda ake yi. Badaru ko angona, duk wanda ya zo bakinki."

Lami ta ji kamar an yaye mata zane a kasuwa. Ta ce wa ɗan cikinta angona? Ko ta kama sunan surukinta a gaban jama'a? Ta taso dai don kada ta ƙi magana, ta durƙusa, ta ɗaga ido ta kai haɓarsa, ta kasa wucewa. Leɓenta ya motsa, babu abin da ya fito.

"Ki kira shi mana. Yaro yana nutsewa a gabanki kina kunya? Kunyar me? Kakarsa ta tafi da sunansa kabari, ke kin tsaya kina kallon bango. Wallahi na gaji. Na yi fama da na sama, na yi fama da waɗannan, ke ma sai na yi fama da ke?"

Lami ta ɗauki ɗanta ta goya, ta fita ba ta waiwaya ba. Ta shiga ajin da mata ke kwana ta ɗaure kayanta a ɗankwali. Ruwa ne kawai ya tsare ta, don hadari ya haɗo ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ta yi la'asar a nan, ta fito baranda ta zauna tana jiran ya tsagaita, yaro ya yi barci a cinyarta.

Can sai ga Malama Halima ta ratso ruwan, takalmi a hannu, hijabi ya jiƙe sharkaf. Ta zauna a ƙasa kusa da ita tana haki. Ba ta ba da haƙuri nan da nan ba, ba halinta ba ne. Ta ce 'yan ƙungiyar sun ce ba lallai a sake yin sansanin baɗi ba. Ta ce in aka watse, daga Lami sai Bahauddeen, shi kuwa in ya ga yaron sau ɗaya a wata an yi sa'a. Ta ce ita ba za ta iya bin kowa gida ba.

Lami ta dubi ruwan da ke zuba daga indararo. Sannan ta ce, "Malama, in tambaye ki?"

"Tambayi."

"Naki na farin, yaya sunansa?"

Malama Halima ta buɗe baki da saurin nan nata. Ta rufe. Ta gyara zama, ta matse bakin hijabi.

"Wannan ai... yana birni yana karatu."

"Allah Ya ba da sa'a. Sunansa na tambaya."

"Babban dai. Yayansu."

Suka dubi juna. Malama Halima ce ta fara dariya, irin wadda ke fita ta hanci, ta dafe goshi tana girgiza kai. Lami ma ta rufe baki da mayafi. Dariyar ba ta yi nisa ba, don yaron ya motsa, duk suka yi shiru har ya koma barci.

Malama Halima ta ce, "Na yi miki ba daidai ba a gaban mutane. Ki yafe ni. Amma nawa yana da baki, yana da abokai, duk gari na kiran sunansa, shirun da na yi bai rage shi da komai ba. Naki ba shi da kowa sai ke. In ke ba ki kira shi ba, ba mai kira."

Lami ta ce, "Bakina ba zai iya ba, Malama. Na gwada. Ko ni kaɗai a ɗaki na gwada."

Malama Halima ta ɗora hannu a ƙafar yaron, tana murza ɗan yatsansa a hankali yadda ta koya musu. Ruwa ya fara sassautawa, ana jiyo ma'aikatan can suna gardama a kan wa zai kwashe tabarmi.

Ta ce, "To bar Badaru, na surukinki ne. Bar angona, na Iya ne. Ki nemo masa wani, naki na kanki, wanda bakinki zai iya ɗauka. Ko ba shi da ma'ana, ko dariya za a yi. Ba sai a gaban kowa ba. In kin idar da asuba ki durƙusa, ki kai idonki cikin nasa, ki kira shi da shi, ki jira. In bai juyo ba gobe ki sake. Ranar da ya juyo, ki je ki gaya wa Bahauddeen sunan, don shi ma da shi zai riƙa kiransa, ki ce ya aiko mini. Ina so in ji shi, Maman Hamdiyya. Abin da nake roƙonki ke nan."